Mai lallen da ta fi ni iya aikina

Shekarun baya, a ƙarshen zamanin juyin juya hali, lokacin da ake kiran kowa kamarad a garinmu Parakou na ƙasar Benin, ina aiki a wani ƙaramin asibiti. Ciwon sida, wato ƙanjamau, ya fara shigowa kunnuwan mutane, sai shugabanmu ya ɗora mini wayar da kan mata masu zaman kansu da ke bayan tashar mota. Yawancinsu suna shan ƙwayar hana barci irin ta direbobi, wasu wiwi, kaɗan kuma har allura suke yi wa juna.

Na je da farar rigata da allon hotuna, na tsaya a tsakar gida ina zuba bayani rabi da faransanci. Kafin na kai hoto na uku kowacce ta tuna da tukunyarta a wuta. Haka muka yi wata biyu, ni da magajiyar gidan da akuyarta.

Akwai ƙawata ta ƙuruciya, maƙwabciyarmu a unguwar Ladjifarani, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ƙunshi take yi wa mata. Na kai mata kukana, ta ce, "Ke ma dai, ƙawas. Wa zai tsaya jin mutumin da ke tsaye? Bari in raka ki."

Ta kwaɓa lalle, ta ƙunsa musu ƙafa da hannu, ta naɗe da ganye da tsumma. Wadda aka yi wa haka ba ta da tashi sai lalle ya kama, ba ta ma iya kai ƙwaya baki. Ƙafar mace na kan cinyarta take cewa, "Wannan kumburin na hannunki fa, 'yar'uwa? Allurar wa kika ara?" Abin da na koya mata a hanya shi take faɗa, amma ita ake yi wa tambaya. Cikin mako uku mata suka fara zuwa asibiti da kansu, kuma duk wadda ta shigo sai ta ce mai lalle ce ta turo ta. Wallahi abin ya ci ni. Shekara uku na yi ina karatu, a ce ƙwaryar lalle ta fi ni!

Ana nan aka ce za a buɗe irin aikin a garin Djougou, da muƙami da babur, mace ɗaya ake so. Na ji shugabanmu yana cewa ko da ba ta da takarda, mai lallen nan ta cancanta. Ranar ko tuwo ban ci ba. Ƙawar tawa ta taɓa gaya mini, ni kaɗai, cewa bayan rasuwar mijinta ita ma ta sha ƙwayar nan kusan shekara kafin Allah ya raba ta da ita. Washegari na shiga ofis na ce, "Kamarad shef, ba don hassada ba, amma..." Na kwashe sirrin nan na faɗa masa. Hassadar ce kuwa tsagwaronta. Aka ba ni muƙamin.

A Djougou na maimaita abin da na yi a Parakou, sai dai nan ko akuya babu. Shugaban ya aiko cewa zai zo ya gani da idonsa, in babu mata a zaman, a mayar da babur. Na yi gwajin ƙunshin da kaina, na ɓata wa wata ƙafa, matan gidan suka yi mini dariya har da riƙe ciki. Da na rasa yadda zan yi, na ba wani direba saƙo zuwa Ladjifarani, ban ma sa rai ba.

Ana gobe shugaban zai zo, sai ga ƙawata ta sauka daga mota da ƙwaryarta. Na fara kame-kame, ta ce, "Na san abin da kika faɗa. Ai gaskiya kika faɗa, na sha. Shi ya sa suke jin maganata." Da safe ta ƙunsa mata sun fi goma, ta juyo ta ce, "Ga su nan na ɗaure miki. Cire takalmi ki zauna ƙasa." Shugaban ya tarar da gida cike, ya yaba mini, ya tafi. Ita ko kallonta bai yi ba, ni kuma ban buɗe baki na ce aikinta ne ba.

Mun shirya tun tuni, ta yafe, har Allah ya yi mata rasuwa muna zumunci. Na koyi zama a tabarmar mutane da shan ruwan gidansu kafin in buɗe baki. Amma in na ce kishin ya tafi duka, na yi ƙarya. Bara na je biki Djougou, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana ta addu'a, ta ce saboda zaman nan ta daina allura, ga ta har da jikoki. Na fara jin kaina yana kumbura. Sai ta juya ta ce wa 'yarta, "Zo ki gaishe ta. Ita ce 'yar rakiyar mai lalle."