Takardar Haihuwar Baba

Babana, Malam Idirisu Mudi, ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin akawu a wani kamfanin dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta Douala. Tun da ya yi ritaya bai yarda ya daina zama akawu ba. Idan ka gaya masa magana sai ya tambaye ka ina ka rubuta ta. Idan ka kawo masa fotokofi sai ya riƙe ta da yatsa biyu kamar ƙazanta, ya ce wannan inuwa ce, ina asalin? A nan unguwar New Bell aka haife shi, haka ma mahaifinsa, kuma yana da takardar da ta faɗi haka: takardar haihuwarsa, rubutun hannu da shuɗin tawada, a cikin wani jan fayil da ba wanda ke taɓawa sai shi.

A shekarar da rikicin yankin Arewa mai Nisa ya tsananta, aka fara yi mana samame a unguwa. Jami'an tsaro su tare layi da safe, su duba katin kowa, wanda sunansa ko rigarsa ba su yi musu ba a jefa shi mota. Rilwanu tela, maƙwabcinmu, ya nuna katinsa suka ce na jabu ne, Bahaushe ai daga Najeriya yake. Suka tafi da shi, ya dawo bayan kwana uku yana ɗingishi, haƙori ɗaya babu. Sai mutanen unguwa suka tsayar da shawara ranar Litinin za a yi tattaki zuwa ofishin hukuma a kai kuka.

Ni kuma a wannan makon nake haɗa takardun konkur, jarabawar shiga aikin gwamnati da na yi shekara biyu ina jira tun da na gama jami'a. Ranar Juma'a za a rufe karɓa. Abu ɗaya ya rage mini, shaidar zama 'yar ƙasa, kuma magatakardan kotu ya ce mai irin sunana sai ta kawo asalin takardar haihuwar ubanta. Mun shirya da Baba za mu je ranar Talata.

Litinin da safe na gan shi ya sa kwat ɗinsa na zuwa aiki, ya ɗauko jan fayil.

Inna Tasalla, mahaifiyata, ta tsaya da ludayi a hannu. "Malam, ina za ka da wannan?"

"Zan nuna wa shugabansu. Mutum mai galan uku a kafaɗar kakinsa ai ya yi makaranta. Yaran nan ihu kawai za su yi, ni hujja zan kai."

"To ka kai masa inuwar mana."

"In kai wa hukuma fotokofi? Haba Tasalla. Su ce na raina su?"

"Su da suka cire wa Rilwanu haƙori don girmamawa."

Ina tsaye a bakin ƙofa, maganar tana bakina: Baba, gobe fa. Ban faɗa ba. Ban taɓa ce masa kada ya yi abu ba, kuma ban san ta inda ake farawa ba. Na ɗauki mayafi na bi shi daga nesa.

Ba a yi nisa ba. Kafin a kai babban titi an riga an gindaya motoci, da wata ƙatuwa mai bututun feshin ruwa a ka, wadda 'yan Douala ke kira mami wata. Mutane suka tsaya cik, wasu suka zauna a ƙasa kamar yadda dattawa suka ce a yi. Baba bai zauna ba. Ya ratsa gaba shi kaɗai, ya buɗe fayil, ya zaro takardar, ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya fara jawabi da Faransancinsa na littafi. Na ji ya kai wajen "Monsieur le Commandant, da dukkan ladabi" lokacin da ruwan ya same shi a ƙirji.

Ya faɗi zaune. Aka harbo barkonon tsohuwa, aka bi mutane da kulki, har waɗanda ke zaune. Rilwanu da ɗingishinsa ne ya jawo shi zuwa wani lungu. Idona yana zafi, ina tari, amma na ga Baba bai saki takardar ba. Ya damƙe ta sosai, ruwan shuɗi yana bin gwiwar hannunsa.

A gida Inna ta shimfiɗa ta a kan tire, ta ɗora tsumma, ta bi da dutsen guga a hankali. Hatimi ya fito. Sunan Baba, da ranar, da garin haihuwa, duk sun narke sun zama tabo ɗaya.

"Ga asali nan," in ji ta. "Sai a kai wa mai galan uku."

Ranar Talata duk da haka ya ja ni kotu, haƙarƙarinsa a ɗaure. Magatakarda ya juya takardar ya ce ba ta karantuwa. Baba ya karanto masa lambarta da ka, da sunan Baturen da ya sa hannu. Mutumin ya ce, "Papa, wannan ai magana ce." Baba ya mayar da takardar cikin fayil, muka fito.

Juma'a ta zo ta wuce. Ban yi kuka a gabansa ba, na dai daina cin abinci tare da shi na kwana goma, kuma ban tabbata ya lura ba.

Kundin da aka rubuta haihuwarsa a ciki danshi ya cinye shi tuntuni, don haka kotu ta ce ya kawo shaidu da suka san an haife shi a nan. Aka ɗauko Hajiya Yelwa, tsohuwar da ta yi wa kakata wankan jego, wadda ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa. Ta dubi alƙali ta ce, "Wannan? Ni na yanke masa cibiya, a bayan masallaci. Tun yana jariri ba ya jin magana." Da wannan bakin aka ba Baba sabuwar takarda, bayan wata bakwai.

Yanzu yana rubuta ƙorafi, shafi tara, a kan haƙorin Rilwanu da mutanen da aka daka suna zaune. Ni nake buga masa, kuma gaskiya ya rubuta. Jiya ya ce zai haɗa da sabuwar takardar a kai da hannu, don su ga mai ƙorafin ɗan ƙasa ne.

Ya juyo gare ni ya ce, "Uwata, miƙo mini fayil."

Konkur na bana saura mako shida. Na ce, "A'a, Baba. Inuwa za ka kai."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Makullin durowar da fayil ɗin yake ciki yana ɗaure a bakin zanena, kuma can zai zauna.