Gidan Zanzaro da Idon Kawu

Kawu bai taɓa iya yanka kaza ba. Idan aka yi baƙi, matarsa ce ke leƙawa waje ta nemo mai yankawa, shi kuwa ya juya baya yana kakkaɓe rigar da ba ta da datti. Amma duk wanda ya shiga shagonsa na gyaran agogo ya ɗaga kai ya dubi bango, sai tsikar jikinsa ta tashi. Hotuna ne a jere, kuma kusan kowanne kisa ake yi a cikinsa. Ga ƙoƙi-ƙoƙi ya riƙe fara yana cin kanta alhali ƙafafunta na shure-shure. Ga kwarkwasa sun yi wa tsutsa taron dangi sun raba ta biyu. Ƙwaron da bai kai kan ashana ba, a hoton Kawu sai ka gan shi da gashi da ƙaho, kamar zai fito ya cafke ka.

Matarsa tela ce, kekenta na kusurwar shagon, yaran dangi kuma Anti suke ce mata. Takan ɗago daga ɗinki ta ce, "Malam, kai fa mugu ne na ɓoye. Mutane na ɗaukar 'ya'yansu hoto, kai kana ɗaukar 'yan ta'adda."

"Ni ban kashe kowa ba," in ji shi. "Shaida kawai nake."

Tsohuwar kyamarar wansa ce ya gada. Wata rana ya cire gilashinta yana gogewa, ya juya shi baibai ya leƙa, sai ga ƙudan da ke kan teburinsa ya koma dodo mai jajayen idanu. Tun daga ranar ya manne gilashin a juye da baƙin salatif. Haka ta koma ba ta ganin komai sai abin da ke dab da bakinta. Abin da ya wuce tsawon yatsa, hazo ne kawai. Ko numfashi ya yi hoton ya lalace. Don haka idan Kawu ya kwanta rub da ciki ya manna idonsa na dama, to ya bar duniya. Ka kira shi har muryarka ta dishe, iyakar abin da zai yi shi ne ya ɗaga yatsansa na hagu, wato dakata. Dangi duk sun san wannan yatsa. An ɗaga wa surukarsa, an ɗaga wa mai gidan haya, an ɗaga wa Anti ranar da labule ya kama wuta.

Da idon nan na dama yake ci. Shi yake maƙala wa ɗan gilashin gyaran agogo, shi ke ganin kusar da ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta. Na hagun tun yana yaro yake da rauni.

Abin da ya daɗe yana nema shi ne zanzaro a bakin aikinsa. Zanzaro kan harbi gizo-gizo, ba ya kashe shi, sai dai ya sandarar da shi. Ya ɗauke shi ya cusa a gidansa na laka, ya yi ƙwai a kansa ya liƙe. Idan ɗan ya ƙyanƙyashe, sai ya ci gizon da ransa. Kawu yana da hoton harbin, yana da na ginin, lokacin cusawar ne bai taɓa samu ba.

Ran nan da hantsi ya ga zanzaro ya gifta ƙofar shago da gizo a ƙafafunsa. Ya suri kyamara ya bi shi, ya tsallake kwata, ya kurɗa wani lungu inda ba wanda ya san shi. Zanzaron ya sauka a wata tsaga da ke gindin katanga, inda ya yi gininsa. Kawu ya zube a ƙasa ya kai bakin kyamara dab da tsagar. Ruwan sabulu na gangarowa daga rariya ya jiƙa masa gwiwar hannu, ya janye hannun kawai. Bai tambayi kansa daga ina ruwan ke fitowa ba.

Bayan katangar banɗaki ne, kuma matar gidan tana wanka. Ta ga ƙyallin gilashi ta tsagar, ta ƙwalla ihu.

Mijinta mai walda ne, shagonsa a bakin lungun. Ya taho a guje da rodi a hannu, ya tarar da ƙato kwance ya manna ido a katangarsa.

"Kai! Uban me kake yi a nan?"

Zanzaron ya riga ya juya gizon, ya sa kansa a bakin ramin. Kawu ya riƙe numfashi. Ya ɗaga yatsa.

"Ni kake ɗaga wa yatsa? A gidana?"

Dukan farko a yatsan ya sauka, ya karye ya kwanta baya. Kafin zafin ya kai masa kai, mai walda ya sa takalmi ya take masa ƙeya. Kyamarar ta daki katanga, bayanta ya nutse cikin idonsa. Kawu ya ji wani abu ya fashe a cikin kansa, ya ga haske ja, sai ɗumi ya gangaro masa kumatu.

Nan da nan lungu ya cika. "Ɗan iska ne! Mata yake leƙe!" Wanda ya ji da wanda bai ji ba, kowa ya kawo nasa. Wani da katako, wani da bulo, wata tsohuwa da murfin tukunya. Rodi ya sauka a haƙarƙarinsa, ya sake sauka. Ya buɗe baki zai ce zanzaro, aka cika masa bakin da ƙafa. Ya so ya kare fuskarsa, hannuwan suka ƙi tashi. Yana ji, yana gani da ido ɗaya, amma ko motsi ba ya iyawa. Can ya ji wani yana cewa a kawo taya, wani ya ce akwai fetur a babur ɗinsa.

Wata mai kayan miya ce ta gane rigarsa, ta ruga ta gaya wa Anti. Anti ta iso ba takalmi, awon ɗinki a wuya, almakashi a hannu. Ta ratsa taron tana sara iska, ta tsaya a kansa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

"Wanda uwarsa ta haife shi ya matso! Wallahi sai na farke mutum!"

"Baiwar Allah, matata yake ɗauka tana wanka," in ji mai walda yana haki.

Ta sunkuya ta ɗauki kyamarar, ta goge jinin da gefen mayafinta, ta dangwara wa mai walda a ƙirji. "Leƙa. Ga matar taka can a ƙofa, leƙa ka gaya wa jama'a abin da ka gani."

Ya kai ido, ya juya nan, ya juya can. "Ba na ganin komai. Ta lalace."

"Haka take tun da na san ta. Kawo hannunka."

Ta fizgo hannunsa ta kai dab da gilashin. Mai walda ya zabura. Gaɓar yatsansa ce ya gani ta cika masa ido, fatar ta tsage kamar ƙasar fari, jinin Kawu na kwance a cikin tsagar. Anti ta nuna gindin katanga da bakin almakashi. Gidan lakar ya farfashe, gizo-gizo sun zubo ƙasa, wasu ƙafafunsu na ɗan rawa.

"Ga matan da yake leƙe nan," ta ce. "Ku ƙone shi mana."

Mai taya ya jingine ta a bango ya sulale. Kafin a samo mota, lungun ya koma saura mutum kaɗan, kowa na cewa shi rabon faɗa ya zo.

A asibiti likita ya ce idon ba zai gyaru ba, aka cire shi. Yatsan ya warke a karkace. Da Kawu ya koma shago sai ya maƙala gilashin aiki a idon hagu, ya kai ɗan hantsaki zai ɗauki kusa, ya daki tebur. Agogon da a da yake gamawa mai shi na tsaye, yanzu sai ya kwana a hannunsa. Wasu suka daina kawowa. Ba ya magana a kai, sai dai Anti takan ji faɗuwar kusa a ƙasa, ta tsayar da keke, ta durƙusa ta lalubo masa.

Mai walda ya zo da dattawa ban haƙuri, Kawu bai ɗago ba. Mai walda ya dawo shi kaɗai, ya tsuguna a bakin ƙofa. Anti ta ce, "Tashi ka ba mu wuri, kana tare mana iska." Washegari ya sake dawowa. Ya yi ta zarya har sai da wata rana Kawu ya yi magana, fuskarsa na kan agogo.

"Ya sake gini?"

"Wa, Malam?"

"Zanzaron."

"Ya sake, Malam. Na liƙe tsagar ta ciki da siminti, ta waje kuwa na hana kowa taɓawa."

"Je ka ɗauko rodin nan."

Mai walda ya dubi Anti, ya dubi Kawu. Ya je ya ɗauko, ya miƙa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

"Ba ni zan riƙe ba," in ji Kawu. "Kai za ka riƙe. Zan kwanta, ka tsaya a kaina. Duk wanda ya tambaya, kai za ka gaya masa abin da nake yi, da abin da ka yi."

Haka aka yi. Kawu ya kwanta a inda jininsa ya zuba, ya manna idon hagu, hancinsa na tokare bayan kyamarar da ba a yi ta don wannan ɓangaren ba. Rana ta take, mai walda na tsaye gumi na zuba. Masu wucewa suka riƙa tsayawa, ciki har da waɗanda suka yi dukan, shi kuma yana maimaita musu da bakinsa. Da zanzaron ya iso da gizonsa, mai walda ya ce, "Malam, ga shi nan!"

Karkataccen yatsan ya tashi. Mai walda ya yi gum.

Hoton yana nan a bangon shago, kusa da keken Anti. Bai fita sosai ba, kan zanzaron ya ɗan yi hazo, ƙafar gizon ce kaɗai ta fito tas. An sha tambayar Kawu ko ya yafe. Yakan ce hannunsa ne ya yi rawa, ba don haka ba da ya samu hoton da ya fi wannan.