Baba Tanimu da Dokar Tike

Duk wanda ya zauna Gidimuni a shekarun nan ya san ni mabuɗi kawai nake riƙewa, amma Baba Tanimu ne ke buɗe gidan likita. Kullum in na kurɓi kunu na fito, zan tarar da shi a kan dakalin ƙofa, ya cire takalmansa ya zauna a kansu. Wai ƙasa na cin takalmi ko mutum na zaune. Ba gaisuwa, ba ina kwana.

"Majo, yau abin ya koma hagu."

"Wane abin, Baba?"

"Na jiya mana! Kai ba ka rubutawa ne?"

Shekara goma sha ɗaya na yi ina majo a garin nan, ni ne mai duba marasa lafiya, ni ne mai allura, wani lokaci ni ne mai shara. A cikinsu ban taɓa samun Baba Tanimu da ciwon kirki ba. Mutumin da zai tashi daga wurina ya wuce lambunsa na bakin tafki, ya yi ban-ruwa har azahar, ya dawo da damin rake a ka! In na ba shi ƙwaya biyu don ya bar ni in yi aiki, sai ya cusa su cikin naɗin hularsa ya ce zai sha a gida. Ga matarsa Iya Fanna nan zaune, ita ta aika har Damagaram a ce lalle in zo in yi magana yau a wannan taron addu'arsa. Na ce ƙafafu sun gaji, baki ma ya gaji. Ta ce shi bai taɓa gajiya da zuwa wurina ba. To, ga ni.

Dokar ta zo ne a shekarar da tafki ya ja baya har yara suka daina wanka a cikinsa. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mata na jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ana dama dusa a kira ta kunu. A cikin wannan hali wani mushe, wato babban ma'aikacin gwamnati, ya zo daga Damagaram, ya shaƙe wuyansa da karabat irin na 'yan boko cikin zafin nan, maigari ya tara mutane. Mushen ya ce daga wata mai kamawa ba sauran magani kyauta. Duk mai son ganin majo sai ya yanki tike a ƙofa, abin da aka tara a riƙa sayo magani da shi don kada ya riƙa yankewa.

Ba zan yi masa ƙarya ba, maganarsa da ma'ana. Sau nawa na buɗe kabad na tarar ba komai sai gizo-gizo? Amma wa za ka ce ya yanki tike a shekarar da ya sayar da tabarmar kwanansa?

Sai Baba Tanimu ya miƙe, takalma a hammata.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. Mu an tara mu an faɗa mana. Zazzaɓi fa, an tara shi?"

Mushe ya ce bai gane ba.

"Ina nufin shi ma a aika masa takarda. A ce ya dakata sai kaka. In an yi kakar."

Wuri ya kaure da dariya, maigari na ta "a'a, Tanimu, a'a." Shi kuwa ko murmushi. Ya juya ya nuna ƙofata ya ce, "Ku shaida. Wallahi tallahi ƙafata ba za ta sake taka ɗakin nan ba sai an janye wannan doka."

Allah Ya yafe mini, a raina hamdala na yi. Na ce na huta.

Ina! Washegari na tarar da dakali ba kowa, na yi ajiyar zuciya. Ina sa mabuɗi sai na ji murya daga gindin gawon da ke bayan shinge: "Majo! Abin ya dawo dama!" Tun daga ranar nan ya koma, yana kwaɗa mini ciwonsa ta saman shinge, duk gari na ji.

Ba a yi mako biyu ba na lura mutane sun fi yawa a gindin gawo da ƙofata. Na leƙa. Baba Tanimu na zaune da wani tsohon gwangwanin madara, mata sun yi layi. Ashe duk ƙwayoyin da na yi shekaru ina ba shi, ko ɗaya bai haɗiya ba! Ya tara su, ya ware su kala-kala, wasu sun narke sun manne da juna kamar alewa.

"Ina ne ke miki ciwo? Sama da cibiya ko ƙasa da cibiya?"

"Sama, Baba."

"Fara kenan. Ja na ƙasa ne. Wuce."

Na fizge gwangwanin. Na ce, "Baba, kashe mutane za ka yi! Waɗannan sun lalace tun kafin a haifi yaran nan."

"Nawa ne! Da ciwona na same su!"

"Ai ba ka da ciwo."

"To da zamana."

Na haƙa rami na binne su. Kwana biyu bai yi mini magana ba, kuma ban taɓa samun kwana biyu masu daɗi irin waɗannan ba.

Amma abin ba na dariya ba ne duka. Ɗakina da ke cika da safe ya koma sai mutum uku, huɗu. Ba warkewa aka yi ba, zama aka yi a gida. Wata mata daga ƙauyen gabas ta kawo mini ɗanta ranar kasuwa, gudawa ta kwana biyar tana cinsa. Na ce me ya hana ki zuwa tun farko? Ta ce jira take kazarta ta samu mai saye. Na yi abin da zan iya. Kafin la'asar ta goya shi ta koma, ba rai. Baba Tanimu na gindin gawo yana kallo. Ranar bai kira ni ta saman shinge ba, zagayowa ya yi ya tsaya daidai bakin ƙofa, yatsun ƙafarsa a waje.

"Majo, kai ka iya Faransanci, takardar koke za mu kai Damagaram a janye dokar nan. Rubuta."

Na ce, "Ni ma'aikacin gwamnati ne, Baba. In aka gane hannuna, aikina ya tafi."

"To rubuta da hagu."

Da dama na rubuta. Mutanen gari suka dangwala yatsa har tawadar ta ƙare aka koma baƙin tukunya. Aka rasa mai kai wa, kowa na tsoron biro, wato ofishin gwamnati. Baba Tanimu ya naɗe takardar cikin hula, ya hau bayan kamiyon da ya sauke buhunan tallafi zai koma wayam, ya ce wa direba shi ma buhu ne da aka manta.

Abin da ya faru a Damagaram daga bakinsa na ji, daga baya mai gadin wurin ya tabbatar mini. Aka ce masa shugaban biro ba ya nan, ya dawo gobe. Ya ce ba komai, ya cire takalma ya zauna a baranda. Ba su san da wa suke yi ba. Mutumin da ya yi shekara goma yana koyon zama a ƙofata! Kwana tara yana nan, da rogo guda a aljihu yana gutsura. Rana ta tara jiri ya kwashe shi ya faɗi. Aka taru, wannan na fifita, wannan na yayyafa ruwa, wani ya ce a ɗauke shi a kai babban asibiti, a yankar masa tike. Sai gawa ta buɗe ido ɗaya.

"Ku ajiye ni."

Wannan ne ya sa shugaban ya fito. Ya karanta takardar, ya tambayi wanda ya rubuta ta, don Faransancin ba na manomi ba ne.

Da ya dawo, gari ya fito tarbarsa. Ya ɗaga takardar sama, ga hatimi ja a kanta. Na karɓa na duba. Kalma ɗaya ce a jikin hatimin: an karɓa. Shi ke nan. Ban iya faɗa wa mutane ba, ban kuma iya yi musu ƙarya ba, sai na ce an ce an karɓa. Aka yi ta guɗa. Shi kuwa ya ja ni gefe.

"Majo, kada ka je Damagaram kwanan nan."

"Don me?"

"Na kashe ka. Sun ce wa ya rubuta, na ce wani bawan Allah ne, ya rasu ranar Talata. Har fatiha suka yi maka."

Muka jira amsa. Watanni suka wuce, ba amsa. Har yau da nake maganar nan ba ta iso ba.

Sai ciwon gaske ya zo. Yana ƙara zurfin rijiyar lambunsa yana bin ruwan da ke gudu, fartanya ta sare shi a ƙafa. Ya shafa toka ya ɗaure. Kwana shida ban ji murya daga gindin gawo ba. Iya Fanna ta zo tana kuka, ta ce ƙafar ta kai girman turmi, ɗakin ba ya shiguwa don wari. Na ɗauki jaka na je. Yana kwance yana rawar sanyi, amma da ya ga jakar sai ya ɗaga hannu.

"Mayar. In ka yi mini a gida ni kaɗai don mun saba, me zan ce wa matar nan mai kaza?"

"Baba, ƙafar nan za a yanke. In an yi sa'a."

"A yanke. Dama ita ta yi rantsuwar."

Na koma na zauna na rasa abin yi. Don haushi na ɗauko takardar dokar na sake karantawa. Ta ce duk mutumin da ya shiga ɗakin duba marasa lafiya sai ya yanki tike. Mutumin da ya shiga. Na ɗaga kai na dubi tagar bayan ɗakin, mai faɗi, ba ta kai ƙugu ba.

A amalanken jaki aka kawo shi. Aka juya amalanken baya ya jingina da bango, aka zuro ƙafar ta taga, shi yana waje a kwance yana kallon sama. Na ce masa takarda mutum ta ce, ba ta ce ƙafa ba. Ya yi nazari, ya ce shi ma takawa ya ce, bai ce shiga ba. Na tsaga, na matse, na wanke. Namiji ne, ko uhum bai ce ba. Abu ɗaya kawai yake maimaitawa:

"Riƙe ta da kyau, Majo! In ta taɓa ƙasa, azumin kaffara a wuyanka!"

Kwana goma sha biyu ana kawo ƙafar nan. Ta warke. Amma kun san Gidimuni. Kafin ya fara takawa, layi ya koma bayan ɗaki. Wannan ya zuro hannu, wannan ya zuro kai, mata na miƙo jarirai kamar ana miƙa ƙwarya. Wani tsoho mai basir ya tsaya yana nazarin yadda zai yi, na ce masa shi dai ya zagayo ta ƙofa, na yafe. Na san ƙarshen abin, ban hana ba. Na gaji da zama a ɗaki wayam ina jin tari ta bayan shinge.

Da masu bincike suka zo, suka tarar magani ya ƙare, littafin tike kuwa sabo fil. Na nuna musu takarda, na nuna musu taga. Babbansu ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya rubuta abin da zai rubuta. Ba a kore ni ba. An mayar da ni Takieta ƙarƙashin wani yaro da na girme wa nesa, aka aiko sabon majo da magini. Tagar aka fara toshewa.

Ranar tafiyata na zaci zai tara mini jama'a ya yi jawabi. Bai yi ba. Katifata ya ɗauka a ka, yana ɗingishi, daga gida har bakin hanya, ya hana kowa taɓawa. Ya hau kamiyo da kansa ya ɗaure ta, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya sauko ya yi wa direba faɗa a kan igiya. Da mota ta tashi na miƙa masa hannu, ya riƙe. Sai ya juya baya ya tsaya yana kallon inda tafki yake a da. Haka na bar shi.

Na sake ganinsa sau uku ko huɗu a shekarun da suka biyo, a wurin suna ko jana'iza. Ba mu taɓa tada maganar ba. Doka na nan, mu ne muka tsufa. Wancan watan aka aiko mini cewa ya cika a ɗakinsa, bayan sallar azahar, Iya Fanna na riƙe da kansa.

Allah Ya jiƙan Baba Tanimu. Ya yafe masa taurin kansa, Ya yafe mana namu sanyin jiki. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba Iya Fanna haƙuri, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.