Yadda Na Goge Muryar Mahaifinmu da Bakin Biro

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da ya shekara biyu yana cina, ko wani zai tsira da nasa. A lokacin ina da shekara arba'in da bakwai, ina tuƙa tsohuwar motata ta haya tsakanin Makarfi da Ikara, ranar kasuwa in leƙa Kudan. A tasha an san ni da haƙuri, har abokan aiki kan ce ko taya huɗu suka fashe mini sai na gama gaisawa da kowa kafin in nemi jak. Ban yi boko ina yaro ba. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, kuma a lokacin na kai inda nake rubuta abin da nake so da hannuna.

Mahaifinmu ya rasu a Kurmi, can Kudu, wurin cin rani, ina ɗan shekara goma sha biyu. Da yake babu mai karatun wasiƙa a gidanmu, yadda ake yi a lokacin shi ne mutum ya yi maganarsa a kaset ya ba direban motar goro ya kawo. Kaset ɗinsa na ƙarshe ya iso mana kwana tara kafin labarin rasuwarsa. A ciki ya gaida mahaifiyarmu, ya kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ce da ni in kula da jan maraƙi kuma in daina wanka a rafi in ya cika, sai ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Bayan rasuwar mahaifiyarmu kaset ɗin ya koma hannun yayata da ke aure a Likoro. Ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta sa a ƙasan kwalla, ba ta fito da shi sai da Sallah. Da rikodarta ta mutu, muka yi Sallah uku ba mu ji shi ba.

Ni na kawo shawarar a mayar da muryar kan faifan sidi, domin rediyon motata faifai yake ci. Gaskiyar abin da ke raina ita ce in riƙa jin Baba a hanya duk lokacin da na so, ba sai na jira Sallah ba. Yaya ta ƙi da farko. Ta ce abin da ya shekara talatin da biyar a ajiye bai yi ƙorafi ba, ni da ko hulata nake mantawa a gidan mutane zan ɗauke shi in kai kasuwa. Na yi ta zarya har ta gaji. Ranar da ta miƙo mini, sai da ta riƙe hannuna da nata biyu, ta ce Auta, kwana uku na ba ka, kuma amana ce.

A Makarfi akwai wani mai shagon kwamfuta, magidanci ne, yana tura wa mutane waƙa da wa'azi a waya, yana kuma haɗa bidiyon biki. Yana da wata tsohuwar rikoda a ƙarƙashin tebur. Ya haɗa ta da kwamfuta, ya ɗauki muryar, ya ɗura a faifai cikin ɗan lokaci, ya kunna mini na ji da kunnena. Amma da na sa a mota, rediyon ya yi ta gurnani, can ya tofo shi. Na mayar, ya sake tofowa. Na koma shagon, mutumin ya kunna a kwamfutarsa ya yi, ya ce ai ka ji, laifin rediyonka ne, sa'an kakata ne.

A tashar Ikara kowa ya zama likita. Wani ya ce in huce shi da baki in goge da gefen riga. Wani ya ce man goge haƙori ne maganinsa. Wani ɗan kamasho ya rantse cewa ɗigon fetur a tsumma ya taɓa tayar masa da faifan da ya mutu. Duk na yi. Faifan ya yi hazo kamar idon tsohuwar akuya, na ɗauka ko kwamfuta ba za ta ƙara karanta shi ba, na wurga shi a kwata don haushi. Kwana ukun Yaya suka cika. Ta kira ni a waya, na ce mata an gama, hidima ce ta hana ni zuwa. Wannan ita ce ƙaryar farko da na taɓa yi mata.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Ikara shi ya warware mini. Ya buɗe rediyon, ya share idon da ke karanta faifai, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya bayyana mini cewa ɗura faifai iri biyu ne. Akwai wanda ake zuba murya yadda ake zubawa a waya, wannan kwamfuta da sababbin rediyo ne ke gane shi. Akwai kuma wanda ake yi irin na faifan waƙar da ake sayarwa a kanti, shi tsohon rediyo ya sani. Ya ce a sami faifai mai kyau wanda ake ɗurawa sau ɗaya, ba mai gogewa a sake ba, a ɗura shi a hankali ba da gudu ba, a kuma rufe shi in an gama. Na fito da littafin ajina na rubuta duka. Da ya tambaye ni ina faifan farko na gaya masa, sai ya cire tabarau ya dube ni, ya ce Malam, ai wannan faifan muryar tana ciki cif, daga shi ma da an kwafo maka goma.

Na koma Makarfi da takardata. Mai shagon ya ce ya riga ya goge abin da ya ɗauka, bidiyon biki ya cika masa kwamfuta, sai an sake kunna kaset. A nan ya kamata in tsaya in nemi izinin Yaya. Ban yi ba. Aka kunna har ƙarshe lafiya, muryar ta shiga. Wurin mayar da kaset ɗin baya ne rikodar ta kama zaren ta tauna, kafin ya kashe ta zaren ya cukurkuɗe ya tsinke wuri uku. Na tattara tarkacen na naɗe a ɗankwalin Yaya. Mutumin ya ce kada in damu, ai muryar ta riga ta tsallake. Ya bi takardata layi-layi, faifan ya fito, na sa a mota, sai ga sallamar Baba garau. Ya ce in tsaya ya yi mini na biyu ya kuma tura mini a waya. Layina ya zo a tasha, ana ta kirana, na ce sai na dawo.

Kwana huɗu ina yawo da Baba a mota. Ko a ramukan hanyar Kudan bai tsallake kalma ɗaya ba. Wata tsohuwa a gidan baya ta tambayi wane malami ne wannan, na ce mahaifina ne, ta yi masa addu'a har muka isa. Ban koma shagon ba. Na ce a raina, da wannan faifan zan tari Yaya, in ta ji yadda muryar ta fito za ta yafe mini kaset.

Safiyar da zan tafi Likoro na ga bai dace in kai shi haka ba suna ba, kada ya gauraya da faifan wa'azin da ke motar. Na san ƙasan faifai mai ƙyalli ba a taɓa shi, ina kiyaye shi kamar ƙwai. Na ɗauka saman baya ne kawai, kamar bangon littafi. Na ɗora shi a kan bonet na ɗauki biro. Ya ƙi kamawa don santsi, sai na danna, na maimaita kowane harafi sau uku sau huɗu, a natse, don ya fito da kyau. Da na ɗaga shi wajen rana, sai na ga haske yana ratsowa ta cikin sunan Baba. Ashe a ƙarƙashin wannan ɗan fentin na sama muryar take kwance. Na ruga shagon, mutumin ya ce ya jira ni kwana biyu, ya ga ban zo ba ya goge.

A ƙofar gidan Yaya na gaya mata komai, har ƙaryar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi ɗankwalin da tarkacen kaset ɗin a ciki, ta ce in kunna mata abin da ya rage. Ta zauna a gaban mota. Baba ya yi sallama, ya gaida mahaifiyarmu, ya ce sai kuma babbar 'yata, daga nan faifan ya maƙale yana ta kakat-kakat. Bai kai ga sunanta ba. Ta sa na mayar sau uku. Sannan ta buɗe ƙofa ta ce an gode Malam, a sauka lafiya. Tun daga ranar ba ta sake ce mini Auta ba. Muna gaisawa, tana ba ni abinci in na je, amma Malam nake. Da Sallar bara na je da littafina na roƙe ta ta faɗa mini maganganun Baba in rubuta don jikoki. Ta ce maganar ai ta haddace tun ina kiwon maraƙi, in na iya rubuta dariyarsa da tarin nan, in zo mu zauna.

Na daɗe ina ɗora laifin kan mai shago da rikodarsa da likitocin tasha. Yanzu na san nawa ne. Haƙurin da ake yabona da shi na fasinja ne da hanya, ranar da ya kamata in tsaya minti goma a yi mini faifai na biyu ban tsaya ba. Ga duk mai riƙe da muryar wani nasa da ya rasu: in rediyon mota ya tofo faifai, kada ka hukunta faifan, ka nemi wanda ya san aikin. Kada ka bar shago da kwafi ɗaya, a yi biyu ko uku, a tura a waya, a ajiye wani a gidan da ba naka ba. In za ka rubuta suna, ka sami alƙalamin maka mai laushin baki, ko ka rubuta a jikin kwalin. In kuma abin amana ne, ka mayar ranar da ka ce. Faifan yana nan a aljihun motata. Nakan sa shi wani lokaci in babu fasinja, in ji sallamar, in kashe kafin ya kai wurin da ya kasa kiran sunanta.