Guɗar da ta shiga faifan ɗana

Shekarun baya, lokacin ina kitso a wani shago a unguwar Harlem, can ƙasar waje, ɗana na fari ya samu damar ɗaukar faifansa na farko. Fiyano yake kaɗawa, kiɗan nan na jaz. Ni dai ban taɓa gane kan kiɗan ba. A kunnena kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sai dai ban taɓa faɗa masa ba.

Ranar ɗauka ya ce sai na je. Na yi dambu na zuba a kula, na bi shi. Ɗaki ɗaya ne, shi da mai ganga da mai busa duk a ciki, ni kuma aka ba ni kujera a lungu. Ya durƙusa gabana ya ce, "Umma, in jar fitilar can ta kama, ko tari kar ki yi. Yau kaɗai aka ba mu ɗakin."

Na ce, "Ni da ko a gida ba a jin muryata?"

Kiɗa na ƙarshe ya ƙi daidaituwa. Suka yi ta maimaitawa har mai busa ya ce leɓensa ya gaji, sau ɗaya ya rage masa. Fitila ta kama. Wannan karon abin ya zauna, har ni na ji. Can tsakiya sai yaron nan ya karkata ya ɗauko wani sauti da na sani. Waƙar da nake yi masa ce yana goye a bayana, wadda na gada wurin mahaifiyata.

Wallahi ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba.

Suka daure suka kai ƙarshe. Ɗana ya kifa kai a kan fiyano. Na ce, "Na ɓata muku, ko?"

Sai dattijon da ke ɗaukar sautin ya kunna mana abin da ya ɗauka. Ashe guɗar ta faɗa daidai inda mai ganga ya ɗan tsahirta, kamar an auna. Mai ganga ya buga tsalle yana ihu. Dattijon ya ce shi kam hannunsa ba zai goge wannan ba.

Sai ɗana ya ɗago, dariya da hawaye a haɗe. "Umma, tari na hana ki. Na manta da guɗa."

Da hannu suka cinye dambun nan tas.

Na daɗe ina zaton kiɗan ya raba ni da yarona, ashe ina cikinsa ban sani ba. Har yau ban iya jin jaz ba. Amma in an sa faifan a gida aka kusa wurin, nakan ce wa jikokina, "Ku yi shiru, gwanar za ta shigo."