Sawun da Na Share

Takalman na fara gani da na fito da tsintsiya. Ƙarfe shida bai cika ba. Suna yashe gindin katanga, daf da ƙofar shago, ɗakin kwanan ƙanena Auta, ɗaya a kife, ɗaya a gicciye. Na mijina ne, Sambo. Kowa a ƙauyenmu ya san su: na taya ne, dugadugin na hagu ya cinye, ya ɗora masa facin wata taya mai zane dabam. Tun magaribar jiya yake nemansu, bayan Auta ya zo ya ci tuwo ya tafi. Da asuba ya haƙura, ya ɗauki goransa na su da komarsa ya nufi tafki ƙafa ba takalmi.

Akwai busasshiyar laka a jikinsu, ja. Lakar tafkin Madarumfa baƙa ce. Jar laka sai hanyar gabas, ta bakin gulbi. An kuma kwance igiyar an sake ɗaure ta da faɗi. Duk na gani, ban yi tunanin komai ba. Hankalina yana cikin wani littafi da na ajiye a ƙarƙashin matashi. A ciki akwai amaryar da take durƙusawa kowace safiya ta jera wa mijinta takalmi, shi kuma ya tsaya yana kallonta. Na so a yi mini irin wannan kallo. Na ɗauki takalman, na kaɗe su, na kai su ƙofar ɗakinmu na jera, kawunansu na duban waje.

Sannan na yi shara. Na fara daga ƙofar Auta, na bi tsakar gida, na shiga zaure, na fita har bakin hanya, yadda Inna, mahaifiyarmu, ta koya mana. Na ƙarasa da zanen tsintsiya a kan yashi, layi bayan layi. Safiya ce mai kyau, ta kaka, a shekarar da kuɗin sefa ya faɗi. An yi damina mai ruwa, tafki ya cika.

Sambo Bafillace ne, amma ko kalma ɗaya ta Fillanci bai iya ba. A shekarar yunwa uwarsa ta rasu a bakin rijiyarmu, yana da shekara uku. Ubansa ya bar shi hannun Baba Nomau, wan mahaifina, ya ce zai dawo, bai dawo ba. A gidanmu ya tashi. Bai taɓa kiwo ba, tsoron sa mai ƙaho ma yake. Masunci ne. Baba Nomau ya horar da shi a kan abu biyu: kada ya taɓa abin wani, kada kuma ya kai ƙarar ɗan gida waje. In ƙwan zabo ya ɓata a unguwa, Sambo ake kallo, sai Baba Nomau ya doke shi a bainar jama'a don kada a ce ya ɗaure wa baƙo gindi. Ƙwan kuwa yana cikin hular Auta. Auta ne namiji tilo bayan mata biyar. Inna takan ce yarinta ce, ta mayar da abin ta bayan gida. Daga ƙwai ya koma kaji, daga kaji ya koma awaki, har ya kai shekara ashirin. Sambo ne ya goya shi yana ƙarami. Baba Nomau ya rasu shekara biyu kafin wannan rana, mahaifina kuwa tun da daɗewa.

Ni na zaɓi Sambo da kaina. Ni na yi lakwal, makarantar boko, shi bai iya karatu ba, amma duk ranar da ya kai bandar kifi kasuwar Jibiya sai ya sayo mini littafi, ya zaɓa da hoton bango. Bayan la'asar nakan karanta masa yana gyaran koma. In saurayi ya yi dogon jawabi yakan tambaye ni, wai shi wannan mutum yaushe yake zuwa gona. Ɗiyarmu Ramatu tana da wata takwas, fara ce kamar ubanta.

Ƙarfe takwas labari ya iso ta bakin mata masu ɗebo ruwa. A ƙauyen gabas da mu an tarar da wani tsoho a kwance gindin turke, an fasa masa kai, an kwance shanun nomansa biyu. Mutanensa sun ɗauko sawu.

Ƙarfe tara na ji haushin karnuka. Daga baya na ji wata hayaniya kamar ta kasuwa daga nesa, tana matsowa. Na goya Ramatu na leƙa ta zaure. Sun fi hamsin, da sanduna da barandami da adduna, biyu da bindigar gida. A gabansu akwai wani tsoho siriri, mai bin sawu, yana tafiya a duƙe, da karan gero a hannunsa wanda ya yanka daidai tsawon sawun. An ce mutum biyu ne suka kora shanun har gulbi. Ɗaya ya wuce da su wajen iyaka. Ɗaya ya juyo, mai faci a dugadugin hagu.

Tsohon ya tsaya daidai inda zanen tsintsiyata ya fara. Ya tsuguna ya daɗe. Ya ce sawu ya mutu a nan, an share. Ya ce a yi yadda aka saba: duk namijin da ke gidan ya fito ya taka yashi, a auna da kara. Wani daga baya ya ce gidan da Bafillace yake wane awo kuma ake nema. Aka yi dariya kaɗan. Suka shigo.

Takalman suna ƙofar ɗakinmu, a jere, yadda na ajiye su. Wani ya ɗauki na hagu ya juya shi sama. Ihun da suka yi ya tada tattabarun Inna gaba ɗaya.

Sambo ya shigo ƙarfe tara da rabi. An riga an gaya masa a bakin tafki. Da ya so, da ya kwanta kan goransa ya haye wancan gefe. Ya zo a jiƙe har ƙirji, da tarwaɗa huɗu a tsire da igiya.

"Takalmin wa ne wannan?"

"Nawa ne," in ji shi.

Aka tambaye shi inda ya kwana, ya ce a ɗakinsa. Aka ce to wa ya sa takalmin. Ya dubi bakin zaure. Na bi idonsa. Auta yana tsaye can, ya rungume hannu. Na dubi ƙafafunsa. A kan kowace ƙafa akwai jan shati, inda igiya ta ci fata. A wannan lokaci komai ya haɗu a kaina: jar laka, igiyar da aka saki, gindin katangar da na tsinci takalman. Sambo ya juyo ya dube ni. Ya girgiza kai kaɗan, yadda yakan yi in na ƙara masa tuwo. Ya ce musu bai sani ba.

Mai bin sawu ya ɗaga karansa sama. Ya ce wanda ya sa takalmin, dugaduginsa ya zarce ta baya, ƙafarsa ta fi ta wannan tsawo. "Ku bari a auna!" Wani saurayi ya ture shi, karan ya faɗi, aka tattake.

Sanda ta farko ta same shi a ƙeya. Ƙararta kamar an buga taɓarya a turmin da ba komai. Kifin ya faɗi. Na buɗe baki in faɗi sunan Auta. Rabin sunan ne ya fita. Hannun Inna ya zo ta bayana ya rufe mini baki, yana warin daddawa. Ta sa bakinta a kunnena.

"Shi kaɗai gare ni, Balkisa."

Na cije ta har na ji gishirin jini. Ba ta saki ba. A littattafan da na karanta, mace takan faɗa kan mijinta ta ce a fara da ita. Na sha gaya wa kaina goyo ne ya hana ni. Amma Inna tsohuwa ce, ni ina da shekara ashirin da ɗaya, ina daka damin gero ni kaɗai. Da na fizge, da na kuɓuta. Na ƙirga sanda tara, daga nan na daina ƙirga. Sambo bai yi ihu ba. Sau ɗaya na ji ya kira Baba Nomau.

"Ku ƙone ɗakin!"

"Ina ɗiyar? Iri ɗaya ne!"

Sai a lokacin Inna ta sake ni. Ta ja ni bayan rumbu, inda darni ya ɓalle, ta tura ni waje. "Gudu. Kada ki waiwaya."

Na shiga gonar dawa, ba a yanke ta ba tukuna. Ganye yana yankar fuskata. Ƙarfe goma ya yi ko ya kusa, don inuwata ta taƙaita. Na waiwaya sau ɗaya. Hayaƙi baƙi yana tashi daga gidanmu. Ba da jimawa ba wani ya tashi daga arewa, ya fi na farko faɗi. Can ne rugar makiyayan da suke sauka kowace kaka suna jiran a saki gonaki. Ba su san Sambo ba, shi ma bai san su ba. Na ji bindiga sau uku, da kukan shanu.

A wani kwazazzabo kusa da bakin tafki na tarar da matan rugar, su bakwai, da yara. Sun kwanta cikin ciyawa. Wata tsohuwa ta dubi fuskar Ramatu, ta dube ni, ta yi mini magana da Fillanci. Ban gane ba. Ta kama zanena ta jawo ni ƙasa.

Mun kwanta a nan har rana ta take. Wajen sha biyu maza suka biyo ta gefen kwazazzabon da kare. Na gane muryar ɗaya. Maƙwabcinmu ne, wanda Sambo yake aika wa kifi duk Juma'a. Yana cewa ko an yi wa irinsu riƙon shekara ɗari, jini sai ya ja su. Ramatu ta fara motsi. Na ba ta nono, ta ƙi. Ta buɗe baki. Na sa tafin hannuna na rufe. Tana shure-shure, idonta a kaina. Na riƙe har sawunsu ya ɓace. Da na ɗaga hannu ba ta yi kuka ba. Tsohuwar ta karɓe ta, ta hura mata iska a fuska, ta jijjiga ta. Sai ta yi tari, ta tsandara.

Da muka ji kiran azahar daga wani ƙauye, muka tashi muka yi kudu. Ba ni da takalmi. Ƙarangiya ta cika zanena, ƙaya ta cika ƙafata. Muka sha ruwan kududdufi. Da la'asar muka ji motar jandarmomi a kan hanya can nesa, ta nufi ƙauyenmu. Na miƙe zan fita, matan suka riƙe ni. Ban san lokacin da muka ƙetare iyaka ba. Rana ta yi ja sa'ad da wani mai motar itace ya tsaya ya ɗauke mu zuwa Jibiya. A bayan motar tsohuwar ta kama hannuna, ta naɗe mini yatsu uku, ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunayen waɗanda ta rasa. Ni ma na naɗe mata ɗaya. Na ce Sambo. Ta maimaita sunan, ta faɗe shi fiye da yadda muke faɗinsa.

Na zauna wajen gwaggona a Jibiya, ina tuyar ƙosai a bakin tasha. An ce jandarmomi sun kwashi mutane sun kai kaso, wato kurkuku, daga baya aka sako su da ɗai-ɗai. Mai bin sawu ya faɗa musu abin da ya gani, amma ba sauran sawun da zai nuna. Ba a ga shanun ba. Ƙauye ya tsaya a kan cewa Baba Nomau ya yi iya ƙoƙarinsa, hali ne na asali. An binne Sambo bayan maƙabarta, ba a ciki ba. Ba wanda ya zo ya tambaye ni, ni ma ban je na faɗa ba.

Shekara goma sha ɗaya ban taka ƙauyen ba, sai da Inna ta rasu. Ni na yi mata wanka. Shatin haƙorana yana nan a tafin hannunta na dama, fari, guda huɗu.

Auta ya zo zaman makoki a motarsa. Ya je Makka sau biyu, yana da kantin kayan babur a Maraɗi, da mata da ƴaƴa shida. Dattawa suka tashi suka ba shi tabarma, suna cewa ɗan gidan mutunci ba ya ɓuya. Bayan la'asar ya shigo cikin gida ya yi mini gaisuwa. Ya ce, "Yaya, ya haƙuri?" Na ce da godiya. Bai dubi fuskata ba.

Ya tuɓe takalmansa a ƙofar ɗaki, na fata ne, baƙaƙe, ya bar ɗaya a gicciye. Ramatu tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Ta taso ta durƙusa, ta kaɗe su da gefen mayafinta, ta jera su, kawunansu na duban waje. Ni na koya mata.

Abin da na bari a gidan nan: miji ɗaya, ɗaki ɗaya, littattafai talatin da ɗaya a cikin akwati. Na ƙarshen ban gama shi ba. Saura shafi shida.