Rifkatu, alewar gwaiba ta kama

Da safen nan labari ya same ni. Rifkatu ta rasu. Maman Bitrus, aminiyata.

Jiyan nan fa muna tare a kicin ɗina. Jiya!

Da na ga lambarta a waya har dariya na yi. Na ɗauka ina cewa, "Ke wai ba ki da haƙuri ne? Ko tiren ban buɗe ba." Sai na ji muryar ɗanta. "Mama Saratu, Bitrus ne. Mamana ba ta tashi daga barci ba."

Ban san me na amsa masa ba.

Bari in gaya muku zancen tiren nan.

A shekarun saba'in aka turo ni koyarwa Kafanchan daga Kachia. Ban san kowa ba, ga cikin fari, ga laulayi. Ko ruwa na sha sai ya dawo. Ɗakin Rifkatu na jikin nawa a kwatas ɗin malamai, tana jin duk abin da nake ciki. Wata rana sai ga ta da ɗan faranti, da wasu jajayen gutsattsari masu laushi an birkiɗa su a sukari.

"Ki tsotsa, kada ki tauna," in ji ta. "Wannan ba zai dawo ba."

Bai kuwa dawo ba. Da alewar gwaibar nan na rayu har laulayin ya sake ni.

Wajen wata baturiyar mishan Rifkatu ta fara ganin irinta. Ita baturiyar da wani ruwan zaƙi mai kauri take yi, wai shi kwan siraf, a gwangwani ake aiko mata daga ƙasarsu. Da ta koma gida sai mata suka ce shi ke nan, alewa ta bi mai ita. Rifkatu ta ce ba ta yarda ba. "Allah bai ba mu gwangwani ba, amma ya ba mu gwaiba har awaki suna takawa."

Ta ƙona tukwane ba kaɗan ba kafin ta gano hanya. A haɗa nunannu da waɗanda ba su gama nuna ba, don su ne ke sa ta kama. A dafa, a tace 'ya'yan a rariya, a zuba sukari da lemun tsami, a yi ta tuƙi a kan gawayi. A ɗiga kaɗan a kofin ruwan randa, in ya dunƙule a sauke, a juye a tire, ta kwana.

Duk wannan na haddace. Amma tun daga lokacin, ni ce mai tuƙi, ita ce mai cewa "Sauke!" In na yi ni kaɗai, ko ta fito ruwa tsululu, ko ta yi taurin da za ta cire wa mutum haƙori. Marigayi maigidana kunun gwaiba yake kiran tawa. Ina dariya, amma abin yana ci mini rai. Sau ɗaya dai na so in yi, ta gani da idonta.

Jiya ta zo da gwaiba cike da leda. Ta ja kujera ta zauna, ta naɗe hannu.

"Yau ba zan ce sauke ba. Idona ba zai zauna a tukunyarki har abada ba, Malama."

Na ce, "Ina za ki? Ke da kika fi ni lafiya!"

Na yi ta tuƙi ina gumi. Na ɗiga a kofi, na saci kallonta. Matar nan sai ta juya tana kallon taga, wai ita tana rera waƙar coci. Don haushi na sauke.

A bakin ƙofa ta ce, "Kada ki taɓa sai gobe. Da safe ki kira ni. In ta kama, ki ce ta kama. In kunu ne, ki kawo kofi biyu."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan wayar Bitrus na daɗe a zaune. Sai ɗazu na shiga kicin, na ɗaga murfin, na danna da yatsa.

Ta kama. Ba ruwa, ba tauri. Wuƙa ta shiga ta fita fes. Har na miƙa hannu zan ɗauki waya.

Rifkatu, ta kama. Kin ji?

Ubangiji Yesu ya karɓe ki cikin hutunsa, ya ta'azantar da Bitrus da ƙannensa da jikoki.

Ku da kuke karantawa, don Allah ku sa iyalin nan a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini ƙarfi. Na yanka, na birkiɗa a sukari, yanzu zan ɗauki tiren zuwa gidanta, kuma ban san yadda zan shiga ƙofar nan ba.